Wutar feda: taka keke zai iya riƙe rumfar caji idan an ɗauke wuta?

Sani_Caji_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana harkar lantarki da ke cikin wannan zaure. Sana'ata cajin waya ce a rumfa, kuma tun da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigo mana da shi Kamaru daga Najeriya ta bayan fage, ya yi tsada bayan Najeriya ta cire tallafin fetur a 2023, tayar da janareta duk lokacin da aka ɗauke wuta ya daina biyan kansa. Na ga bidiyo da dama na mutanen da suka kafa keke a kan ƙarfe, suka haɗa ƙafar baya da injin da ke ba da wuta, suna murza feda fitila tana kamawa. Shin abin dogaro ne, ko kuwa wasa ne na masu son a kalle su? Idan na ɗauki yara biyu suna takawa bi da bi, zan iya cajin wayoyi 30 a wuni, har da fanka guda?

Malam_Buba_Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Wuta tana fitowa, babu ƙarya a nan, amma yawanta ya kamata ka sani tun kafin ka kai kuɗinka wurin mai walda. Mutum mai lafiya wanda ba ɗan tseren keke ba, idan aka ce ya taka awa guda ba tsayawa, abin da zai iya riƙewa yana tsakanin wat 60 da wat 100, kuma a zafin garuruwanmu ni na fi yarda da ƙaramin adadin. Yana iya haura wat 300 na 'yan daƙiƙoƙi, kuma wannan ɗan lokacin ne masu bidiyo suke ɗauka su nuna wa duniya. Batirin babbar waya, irin wanda aka rubuta 5000 a jikinsa, yana ɗaukar kusan wat-awa 19 (wat ɗaya na tsawon awa guda shi ne wat-awa ɗaya), na ƙaramar waya mai maɓalli kuwa uku zuwa huɗu. A ce yaronka ya ba da wat 70 na awa guda, kuma rabi ko kashi biyu cikin uku ne ya isa cikin wayoyin bayan abin da ya zube a hanya, to manyan wayoyi biyu ya cika ke nan. Manyan wayoyi 30 suna neman taku na awa 12 zuwa 16. Fanka kuwa ka fitar da ita daga lissafi, domin fankar tsaye tana cin wat 50 ko fiye, ita kaɗai za ta lashe abin da ƙafar mutum ɗaya ta kawo.

Ɗanladi_Rediyo:
Maganar Malam Buba haka take, kuma ni da hannuna na haɗa irin wannan a shagona. Na samo tsohon keken Phoenix, na cire tayar baya na bar rim ɗin tsirara, na kafe keken a kan ƙarfen kwana, sannan na zagaya rim ɗin da bel na injin niƙa, na kai shi kan altaneta, wato injin da ke cajin batirin mota. Kafin a jona batir, feda ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙaramin yaro ma yana juya ta yana dariya. Amma da zarar na taɓa wayar da ke tayar da altanetar, sai ƙafa ta yi nauyi kamar mai hawan tudun Mokolo da buhun gero a bayan keke. Yaron shagona, wanda ƙwallo yake bugawa kullum da yamma, bai daɗe a kai ba rigarsa ta jiƙe sharkaf, bel ɗin yana ƙara yana ƙaurin roba, allurar mita kuma tana lilo tsakanin amfa biyu da uku. Ƙwan fitila ya kama, rediyo ta yi magana, maƙwabta suka taru suna kallo, amma batirin mota bai san ana yi ba.

Injiniya_Hadiza:
Baba Ɗanladi, sannu da ƙoƙari. Abin da ya wahalar da yaronka altanetar ce kanta. Ba ta da maganaɗisu na dindindin, sai ta fara cin wuta ta yi wa kanta maganaɗisu kafin ta ba da komai, kuma wannan cin yana kai amfa uku zuwa huɗu a kan bolt 12, wato kusan wat 40. Injin mota bai damu da wat 40 ba, amma ga ɗan Adam rabin ƙarfinsa ke nan. Ban da haka, an ƙera ta ne don ta yi juyi fiye da 1,000 a minti ɗaya kafin ta fara caji, alhali ƙafar mutum juyi 60 take yi, shi ya sa dole a bi ta sarƙa da bel don a ninka gudun sau ashirin ko fiye, kuma kowace gaɓa tana ɗiban nata kason. Wanda yake son ya gwada, ya nemi moto mai maganaɗisu na dindindin, irin wanda ke cikin cibiyar ƙafar keke mai lantarki, ya sa masa diyod shida da za su daidaita wutar, sannan regileta mai hana bolt wuce iyaka.

Asara ta biyu da mutane ba sa lura da ita ita ce zagaye. Ana zuba wutar a batirin mota, wanda yake mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da aka ba shi, a ɗaga ta zuwa bolt 220 da inbata, wadda ita ma take cin nata, sannan cajar waya ta sake sauko da ita bolt 5. Malam Sani, ko da sola za ka koma, ka bar inbata, ka sayi cajojin mota masu shiga bolt 12 kai tsaye.

Alhaji_Mai_Albasa:
Ni ɗan kasuwa ne, ban san wat ba. Tambayata ɗaya ce ga Malam Buba: shi wannan yaron da zai wuni yana takawa, me zai ci, kuma wa zai biya?

Malam_Buba_Marwa:
Alhaji, ranka ya daɗe, ai ka taɓo inda lissafin yake karyewa. Jikin mutum yana mayar da kashi 20 zuwa 25 ne kawai cikin ɗari na abincin da ya ƙona zuwa motsi, sauran duk zafi ne da gumi. Kilowat-awa ɗaya, wato ma'aunin da mitar gida take ƙirgawa, daidai yake da kalori 860 irin na abinci, saboda haka kafin ƙafa ta ba da shi sai ciki ya karɓi kalori kusan 3,400 zuwa 4,300. Wannan ya kai kilo guda na gero ko dawa, ƙari a kan abincin da mutum ya saba ci, kuma ban sa asarar da Injiniya ta lissafa ba. Shi kuwa kilowat-awa ɗaya a farashin kamfanin wuta na Kamaru sefa 50 ne ga gidan da bai wuce 110 a wata ba, sefa 79 ga wanda ya haura har zuwa 400. Kowa ya san kuɗin kilon gero a kasuwar garinsu, ya kwatanta. Sannan ga ruwa: mai irin wannan aiki a watan Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa suke haura digiri 40, yana iya zubar da lita guda na gumi a awa. Mai tuƙa keke a hanya iska tana busar da shi, wanda yake taka kafaffen keke a cikin rumfa kuwa ba ya samun wannan sauƙin.

Abdu_Njamena:
Allah ya gafarta Malam, lissafinka daidai ne, amma ma'aunin da ka ɗauka ban yarda da shi ba. Sefa 50 farashi ne ga wanda waya ta zo ƙofar gidansa kuma akwai wuta a cikinta. A nan Chadi kusan mutum ɗaya ne cikin goma yake da lantarki, a karkara kuwa abin bai ko kama ƙafar haka ba. Mutumin ƙauye ba kilowat-awa yake saya ba, cajin waya yake saya, kuma idan ya biya sefa 100 aka cika masa batirin da bai kai wat-awa 20 ba, to ya sayi wuta a kan sefa 5,000 ko fiye kowane kilowat-awa, ban da tafiyar da ya yi zuwa kasuwa. A irin wannan wuri kilon gero ba shi da tsada. Ɗan abin da ake buƙata na farko, wato fitila ɗaya da waya ɗaya da rediyo, darajarsa ta ninka ta wutar da mai firji da talabijin yake sha. A Ruwanda akwai kamfanin Nuru Energy da ya raba wa masu ƙananan sana'a a ƙauyuka injin feda, mutum ya zauna ya taka, ya yi cajin ƙananan fitilun LED da yawa a lokaci guda, mutane suna biyansa. Da babu gara ba daɗi.

Malam_Buba_Marwa:
Malam Abdu, na karɓi wannan ga ƙauyen da babu layi. Sai dai Malam Sani a cikin Garwa yake, kuma manyan wayoyi ake kawo masa.

Nura_Kuseri:
Ni dai na ga wani attajiri ɗan asalin Indiya mazaunin Amurka, Manoj Bhargava, wanda a 2015 ya fito da keken da ya kira Free Electric, aka ce taku na awa ɗaya yana ba gidan karkara wuta ta awa 24. Mutum mai irin wannan dukiya da injiniyoyi a ƙarƙashinsa ba zai faɗi abin da ba ya yiwuwa ba. Wataƙila tasu ƙirar ta fi tamu ne kawai.

Injiniya_Hadiza:
Ƙanena Nura, tambayar da za ka yi ita ce: awa 24 na kunna me? Babu ƙirar da za ta fitar da abin da ƙafa ba ta zuba ba. Idan mutum ya ba da wat-awa 70 kuma aka yi sa'a 50 suka tsira, raba su kan awa 24 ka ga wat biyu ke nan, wato ƙaramar fitilar LED guda. Maganar ba ƙarya ba ce idan gidan fitila biyu ne da waya ɗaya, amma wanda ya ji ta zai ɗauka har da fanka da firji. Babban faifan ƙarfe da suke sa wa irin waɗannan kekuna yana daidaita juyi ne don kada ƙafa ta riƙa fizga, ba ya ƙara ko wat ɗaya.

Kabiru_Rumde:
Ga misalin da ya fi gamsar da ni. A 2015 an ɗora Robert Förstemann, ɗan tseren keke na Jamus da ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2012, mutumin da aka san shi da kaurin cinya, a kan keken da aka jona da na'urar gasa burodi mai wat 700. Da ƙyar ya gasa yanka ɗaya, bai kai minti biyu ba ya sauka ya kwanta yana haki. Haka kuma a 2009 BBC ta tara masu keke kusan 80 don su riƙe wutar gida ɗaya na iyali guda a Birtaniya, kuma da aka kunna na'urar ɗumama ruwan wanka sai da kusan dukkansu suka hau feda. Duk abin da aikinsa zafi ne, dutsen guga ko butar lantarki ko rishon lantarki, ya fi ƙarfin ƙafa nesa ba kusa ba, tunda dutsen guga kaɗai wat 1,000 yake nema.

Hajiya_Ungozoma:
Ina biye da ku tun farko, kuma ina so in kawo wani ɓangare da maza ba ku taɓo ba. Na yi aiki a wata ƙaramar cibiyar lafiya ta karkara inda muke karɓar haihuwa da dare da fitilar waya. Akwai daren da na riƙe wayar da haƙorana don hannuwana biyu suna aiki, ina ji tana ƙarar batir ya kusa mutuwa, mijin matar da ƙannensa kuma suna zaune a waje a kan tabarma ba su da abin yi sai addu'a. Da akwai irin wannan keke a baranda, wallahi da sun taka shi har asuba da murna, kuma fitila biyu masu wat biyar sun ishe ni. A irin wannan dare ba wanda yake lissafin gero. Abin da nake so in sani shi ne ko zai iya riƙe injin iskar numfashi na jarirai.

Injiniya_Hadiza:
Hajiya, fitila da cajin waya zai riƙe, har ma ya yi saura. Injin da ke tace iskar oksijin kuwa yana cin wat 300 zuwa 400 ba tsayawa, wato mutum biyar ko shida a kan feda a lokaci ɗaya, da wasu shida suna jiran karɓa, kuma wutar ba ta son tangarɗa. Ba zan ba da shawarar a ɗora ran jariri a kan haka ba. Firjin allurar rigakafi ma yanzu akwai masu aiki da sola kai tsaye ba tare da batir ba, suna tara sanyi da rana su riƙe shi da dare.

Malam_Isa_Tarihi:
Abin da Hajiya ta kawo shi ne ainihin inda wutar feda ta taɓa yin suna. A 1929 wani injiniya ɗan Ostareliya, Alfred Traeger, ya ƙera rediyon aika saƙo da ake ba wuta da feda, aka raba wa gidajen makiyaya da ke nesa a cikin daji don su riƙa kiran likitan da ke zuwa da jirgin sama. Mutum yana takawa da ƙafa, hannunsa yana buga saƙo. Wutar kaɗan ce, lokacin amfani gajere ne, amfanin kuma rai ne. Haka rediyon da ake wana wa da hannu wanda Trevor Baylis na Ingila ya ƙirƙira, aka riƙa ƙera shi a Afirka ta Kudu a shekarun 1990 saboda wuraren da batir yake da tsada. Mu ma da muka tashi da dinamo a jikin keke mun san abin: bolt shida, wat uku, yana goga taya, fitila tana haske muddin kana tafiya. Duk inda abin ya yi nasara za ku ga ƙaramar buƙata ce mai muhimmanci, ba a taɓa riƙe kasuwa da shi ba.

Tela_Mamman:
Ku yi mini afuwa, ni ban ga dalilin da za a mayar da ƙarfin ƙafa wuta ba sannan a sake mayar da wutar motsi. Keken ɗinkina na ƙafa ne, da shi na aurar da 'ya'yana, kuma ranar da aka ɗauke wuta ana jajibirin salla masu keken lantarki wurina suke kawo aiki. Babu batir, babu diyod, babu regileta, bel ɗaya ne na fata, idan ya tsinke in ɗinke shi da waya. Mai wasa wuƙa da ke zagaya unguwa da kekensa shi ma haka yake yi, ya ɗaga ƙafar baya ya juya dutsen da feda.

Alhaji_Mai_Albasa:
Tela ya faɗi gaskiya, kuma a lambu ma mun san wannan. Famfon ƙafa da ake takawa a ja ruwa daga rijiyar da ba ta da zurfi ya yi wa masu ƙaramin fili aiki sosai, a Nijar har suna aka sa masa, Niyya da Ƙoƙari. Famfon Vergnet da ke ƙauyukanmu shi ma da ƙafa ake danna shi, mata da yara suna ɗiban ruwan sha. Amma in faɗa muku abin da na gani a bakin mayo, wato kogi: duk manomin albasar da ya samu kuɗin injin ban ruwa mai fetur, a ranar yake jingine famfon ƙafa, yanzu kuma masu hali suna komawa famfon sola. Ba wanda yake taka abu da ƙafarsa don sha'awa idan rana ta take.

Kabiru_Rumde:
A Gwatamala akwai ƙungiyar Maya Pedal da ke karɓar tsofaffin kekuna tana mayar da su injin ɓarzar masara da na jan ruwa da na markaɗe. Wannan ita ce hanyar da Tela yake nufi, kuma a ganina ta fi dacewa da mu, musamman wajen ɓare gyaɗa da surfe.

Malam_Liman_Gaundare:
Ina roƙon a dakata a kan kalma ɗaya da ta wuce ba wanda ya tanka. Malam Sani ya ce zai ɗauki yara biyu. Mun san su wane ne yaran da ake samu da arha a garuruwanmu: almajirai ne da marayu da waɗanda rikici ya koro daga kan iyaka. Idan Malam Buba ya ce awa guda tana cika waya biyu, kuma ana biyan sefa 100 kowace waya, to awar ta kawo sefa 200, a ciki za a fitar da kuɗin rumfa da gyara da ribar mai rumfa. Nawa zai rage wa yaron, kuma zai ishe shi ya mayar da abin da jikinsa ya ƙona? Sana'ar da ba ta tsayuwa sai an sami wanda yunwa ta sa ba zai iya cewa a'a ba, akwai hakki a cikinta. Na san a 2012 wani gidan yari a Barazil ya sa fursunoni suna taka keke don cajin batiran fitilun titi, ana rage musu kwana ɗaya a kan kowace awa 16, amma su manya ne, da zaɓinsu suka shiga, kuma abin da ake biyansu da shi ya fi kuɗi. Ban ce Malam Sani mugun nufi gare shi ba, ina tunatarwa ne.

Sani_Caji_Garwa:
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma Allah ya saka da alheri. Batun ɗaukar yara na ajiye shi. Amma tambayar ba ta mutu ba, sai dai ta sauya. A ce na sayi faifan sola, tunda kowa can yake nuna mini. A watan Agusta ana yin kwanaki hadari bai washe ba, lokacin hunturu kuma ƙura tana rufe faifan, ga ɓarayi da ke sa dole in kwance shi kullum da magariba. Shin ba zai yi kyau in ajiye keken a gefe ba, ni da kaina in taka awa guda idan batir ya yi ƙasa, don kada mai waya ya zo ya tarar ba a yi masa komai ba?

Malam_Buba_Marwa:
Faifai mai wat 100 a ƙasarmu yana ba da wat-awa 400 zuwa 500 a rana mai kyau, wato aikin mutum ɗaya na awa bakwai ko takwas, ba ya cin tuwo, ba ya neman ruwa sai na goge ƙura. Ko a ranar hadari ba ya mutuwa gaba ɗaya, yana iya kawo kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka, kuma wannan ma ya kusa awa guda ta takunka. Faifai biyu sun ɗauke wayoyinka 30. Don a ga girman tazarar, madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, injinanta huɗu suna da ƙarfin megawat 72, kuma kafin a sami wannan da feda sai an ɗora mutum kusan miliyan ɗaya a kan keke a lokaci guda. Da ruwanta ya ja baya a 2020 da 2021 aka shiga rabon wuta a jihohi uku na arewacin Kamaru, abin da aka kawo don cike giɓin shi ne injinan mai da tashoshin sola na Marwa da Gider, waɗanda aka ƙaddamar a 2023. Ni a ganina kuɗin da za ka kashe a keke, ka ƙara a kan batir na biyu.

Ɗanladi_Rediyo:
A nan ne zan rabu da Malam. Batir ba ya son ƙasarmu. Batirin ruwa an auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana raba ta biyu, to ka ajiye shi a rumfar kwano a Garwa ka ga kwana nawa zai yi. Shagona cike yake da batiran sola da suka kumbura, masu su suna rantsuwa bara suka saya. Keke kuwa ba ya kumbura, idan sarƙa ta tsinke akwai mai gyara a kowane lungu. Kuma abin da Malam Sani yake nema ba wayoyi 30 ba ne a ranar hadari, waya huɗu ko biyar ne na mutanen da ba za su iya jira ba, ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da fasinja ke kira, ko mai jiran saƙon kuɗi. Awa guda da moto irin wanda Injiniya ta faɗa tana iya kai kowaccensu rabi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abdu_Njamena:
Tunda maganar abinci ce ta kashe lissafin mutum, me zai hana a duba dabba? A gabashin Chadi da Sudan har yanzu akwai masu matse man riɗi da raƙumi, an rufe masa ido yana zagaya turmi. Sa ɗaya yana ba da ƙarfin mutum huɗu ko biyar, kuma harawa yake ci.

Injiniya_Hadiza:
Yaya Abdu, ƙarfin yana nan, amma raƙumin da ke zagaya turmi juyi biyu ko uku yake yi a minti, janareta kuma ɗaruruwa yake so, saboda haka sai an haɗa giya mai hawa-hawa wadda kuɗinta zai haura na faifan sola, ga shi kuma sai an sa mai kora. Ga matsar mai ya dace, tunda aikin kansa a hankali yake so.

Baba Ɗanladi, ban ƙi maganarka a kan batirin ruwa ba, shi ya sa masu hali suke komawa batirin lithium irin na LiFePO4, wanda ya fi jure caji da sauke caji, ko da yake shi ma ba a so a bar shi cikin kwano da tsakar rana. Amma idan Malam Sani zai bi shawararka, akwai abin da dole a kiyaye. Kada a jona waya kai tsaye da moton. Wutar tana hawa da sauka ne da gudun ƙafa, kuma idan mai taku ya zabura alhali babu kaya a kan layin, bolt ɗin yana iya ninka abin da caja za ta ɗauka, wayar mutane ta ƙone a hannunka. Ko ƙaramin batirin babur ne a sa shi a tsakani ya riƙa shanye hawan, da fis mai katse wuta idan ta yi yawa kusa da kan batirin.

Nura_Kuseri:
Irin wannan moton ana samunsa a wurin masu kayan gwanjo da ke shigowa ta Duwala, na ga ƙafafun keken lantarki da na abin wasan yara mai taya biyu a jibge, ba mai tambayarsu. Baba Ɗanladi, idan na aiko maka da guda ta motar Garwa, za ka haɗa ka sa mita a kai ka faɗa mana wat nawa yake isa batir? Ni har yanzu ina ganin zai fi abin da Malam Buba ya lissafa.

Ɗanladi_Rediyo:
Aiko da shi, amma ka duba wayoyi uku masu kauri suna nan ba a yanke su daga gindi ba, kuma ka juya shi da hannu ka haɗa biyu daga cikinsu, idan ya yi tauri to maganaɗisunsa da lafiya. Kuɗin diyod da walda Malam Sani zai biya, tunda shi ya tayar da zancen.

Malam_Buba_Marwa:
Idan za ku auna, ku auna na awa guda cikakkiya da rana, mutum ɗaya ba canji, kuma ku rubuta abin da mita ta nuna a minti goma na ƙarshe, ba na farko ba.